Ranar da Turmin Waliyyi Ya Ɓata

Ranar Juma'a da safe Fada Considine ya fito zai buɗe cocin Kilderra, sai ya tarar da rami a bakin ƙofa, daidai inda Turmin Waliyyi ya yi shekara ɗari da hamsin yana zaune. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar ya sake dubawa. Ramin dai yana nan.

Turmin wani baƙin dutse ne mai kwarmi a tsakiya, ƙarti uku ba sa ɗaga shi sai da nishi. A cikinsa ake yi wa jarirai baftisma a tsohuwar ƙaramar cocin da 'yan zuhudu suka gina shekara ɗari bakwai da suka wuce. Sojoji suka zo suka ƙone rufinta, manoma suka biyo baya suka kwashe duwatsun suka yi katangun gona, har aka wayi gari ba mai iya nuna maka da yatsa ya ce ga inda take. Turmin kaɗai ya rage. Tsofaffi kan ce ranar da ya gaji da zaman baƙunta zai koma gida da kansa, kuma duk ƙasar da ya zauna a kai, wanda ya sa mata garma ba zai ga da kyau ba.

Kafin a gama tatsar shanu ƙauyen ya hallara, kafin shayi ya huce kuma an sami ɓarawo. A Kilderra ba a shan wahalar neman mai laifi muddin akwai baƙo a kusa. Baƙon wannan makon shi ne Barney Mongan, maƙerin gwangwani mai yawo gari gari, wanda ya kafa tantinsa a gindin gada shi da iyalinsa.

"Ga sawun keken dokinsa nan, makaho ma ya gani," in ji Festy Costelloe, wanda ya fi kowa gona a ƙauyen, ya kuma fi kowa murya. "Saje, ka kama shi yau a wuce wurin. Ni ran Litinin katafila za ta zo share mini Fadamar Ƙaya, ba ni da lokacin zaman shari'a."

Saje Mulqueen ba mai gaggawa ba ne. Ya ƙwace dokin Barney don kada ya gudu, ya ce zuwa Litinin in turmi bai fito ba zai kai shi birni. Sannan ya aika a kira Malachy Garvey.

Malachy mai tarkon zomo ne, shekararsa sittin da takwas, kuma in kaza ta ƙetare titi jiya zai faɗa maka ko gurguwa ce. Tun da matarsa Nuala ta rasu shekara uku da suka wuce, daga shi sai tsohon karensa. Mutane sun ɗauka zomo ke kai shi yawon duwatsu tun asuba. Zomo dai hujja ce kawai.

Shekara talatin da huɗu baya, yana can Ingila wajen ƙwadagon girbi, Nuala ta haihu, abin da aka haifa bai zo da rai ba. A lokacin jaririn da bai sami baftisma ba ba a sa shi a maƙabartar coci, ba a yi masa makoki, ba a ma ambatonsa. Da Malachy ya dawo ya tarar an ɗaga ɗan gadon da ya sassaƙa an kai saman rufi. Surukarsa ta tare shi a bakin ƙofa ta ce, "An kai tsohuwar coci," ta ja bakinta. Ya ɗauka surukinsa ne ya kai, shi kuwa surukin bai ƙara shekara ba ya mutu. Malachy ya dubi fuskar Nuala, ya ga in ya taɓa maganar zai fama mata ciwo, sai ya haɗiye. Ko namiji ne ko mace bai sani ba. Daga ranar yake neman tsohuwar cocin nan a ɓoye, da nufin in ya gano ya riƙo hannun matarsa ya kai ta. Ta mutu bai gano ba, wannan kuwa yana cin sa fiye da mutuwar kanta. An ce matambayi ba ya ɓata, amma Malachy bai yarda da bakin mutum ba, shi dai ƙasa, wai ita ba ta ƙarya. Yanzu ido ya fara gajiya, gwiwa ta fara ƙara, ga abu ɗaya tak da ya rage na wurin da ɗansa yake kwance an ɗauke.

*

Ya iso ya tarar rabin ƙauyen sun tattake wurin kamar an yi kasuwa.

"Da kun kawo shanunku ma sun taya ku kallo," ya ce. Ya durƙusa da ƙyar.

Bai daɗe a kan sawun keken ba. "Wannan na Laraba ne, Saje. Ruwan sama ya dake shi. Kuma dubi zurfinsa, keken da ya ɗauki turmin nan ai sai ƙafa ta nutse. Wannan bokitai ya ɗauko, ko tsayawa bai yi ba."

"Kai ka cika kare ɓarayi," in ji Festy.

"Ni ƙasa nake karantawa, Festy. In ka fi ni iyawa, bismilla, ga wuri."

Ya sa hannu cikin ramin, ya ji ƙasar a bushe. Ruwa ya ɗauke ran Alhamis da tsakar rana, ke nan bayan nan aka ɗauke dutsen. A gefen ramin ya ga gurbin sanduna biyu da aka yi ta ɓanɓara da su, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, aikin masu haƙuri marasa ƙarfi. A jikin dutsen ƙofa kuma, can ƙasa kusa da ciyawa, koren fenti ya gogu. Daga nan ciyawar ta kwanta sumul, faɗin ƙyauren ɗaki, da kofaton jaki a tsakiya, har zuwa titi inda tsakuwa ta cinye sawun.

"Ba a kan ƙafar keke ya tafi ba, jan sa aka yi," ya ce wa Saje a hankali. "Jiya ina mazan garin nan suke?"

"Kasuwar shanu mana, har da ni. Fada ma ya bi mu. Sai faɗuwar rana muka dawo."

"Ka tambayi matan?"

"Gida gida. Ba wadda ta ga komai."

Malachy ya miƙe yana kaɗe gwiwa. A Kilderra in ka sayi sabuwar hula, kafin ka kai gida an san kuɗinta ta bayan labule. A ce an ja dutse da jaki da rana tsaka ta tsakiyar ƙauye ba macen da ta leƙo, ruwa ba ya tsami banza.

*

Barney Mongan yana zaune a gindin gada yana liƙe gindin wata buta, bai ko ɗago ba.

"Sun aiko ka ka shinshina ni, dattijo? Shiga ka duba. In ka ga turmi a ƙarƙashin bargon yara, rabi naka."

"Na san ba kai ba ne."

"To je ka faɗa wa mai ƙaton bakin can. Ni me zan yi da dutse? Dokina da ƙyar yake jan matata."

"Ina jin ka," in ji matar daga cikin tanti.

Malachy ya zauna a kan wani bokiti. "Jiya da rana ina kake?"

"Talla. Gida biyar na ƙwanƙwasa, wuta na ci, buta na tafasa, ba kowa." Ya ga ya yi suɓul da baka, ya ci gaba da buga gudumarsa.

"Gidajen su wa?"

"Na manta."

"Barney, Litinin za a kai ka birni."

"An sha kai ni. Ka ga, baba, mazan garin nan karnuka suke sakar mini. Matan kuwa su ke ba 'ya'yana madara ta ƙofar baya. Abin da na gani, idona ya gani, bakina ba ya wurin."

*

Da yamma Fada Considine ya kira shi ɗakin karatunsa. Shekara goma sha biyu Fada yana rubuta tarihin Kilderra, kuma ya riga ya warware matsalar a ransa: wani mai tara kayan tarihi ne daga birni, wanda ya zo da mota a bazara yana ta shafa turmin. Malachy ya ce mota ba ta da kofato. Fada bai ji daɗi ba, sai ya shimfiɗa tsohuwar taswira ya ɗora yatsa a kan ɗan gicciyen da aka zana a saman Tudun Coci.

"In ma wani ya mayar da shi gida ne, to nan ne gidan. Masu awon ƙasa na gwamnati suka zana wannan, ba 'yan wasa ba."

"Wa ya nuna musu wurin, Fada?"

Fada ya buɗe wani littafi. "Ga shi a rubuce. Dattawan gari, a mashayar bakin hanya."

"Bayan kofi na nawa?"

Duk da haka washegari Asabar ya hau tudun, don ya fi ƙarfin sau ɗari yana hawa, ƙafarsa ta saba. Ya san kowane ramin zomo a wurin. Shekara da shekaru yana tankaɗe ƙasar da zomaye ke turowa ko zai ga ɓarɓashin farar ƙasar gini, bai taɓa gani ba. Yau ma babu sawun jaki, babu komai sai iska. Ya zauna ya raba burodinsa da kare. Daga nan yana hango rufin gidansa, bututun hayaƙin ba hayaƙi, don ba wanda zai hura wuta sai ya koma.

*

Ya sauko ya fara bin ƙofofi, yana neman koren fenti. Bai sha wahala ba. Ƙyauren garken shanun Costelloe kore ne, an mayar da shi an rataye a juye, sakatar tana ƙasa inda sai kare zai iya buɗewa. Bayan ƙyauren duk ya kankare. Jakin gidan yana tsaye a gefe, igiya ta goge masa gashin kafaɗa.

Attracta, matar Festy, tana cikin kicin tana murza ƙullin burodi. Mace ce marar yawan magana, don mijinta ya cinye rabonta.

"Shigo, Malachy, ka sha shayi. Ka rame."

"Wa ya rataya muku ƙyauren garke, uwar gida?"

"Iska ta cire shi."

"Iskar ce ta mayar?"

Ta juya ta ɗauko buta. Ta zuba masa shayi. A tafin hannunta akwai sabon ciwo, irin na jan igiya. Ya kawar da kai don kada ya kunyata ta, idonsa ya sauka a bakin taga. Can tsakanin tukunyar fure da hoton Maryamu akwai wata 'yar farar tsakuwa, sumul, girman ƙwan tantabara. Irin wannan sai bakin teku, teku kuwa tafiyar yini ce daga Kilderra.

Ya san tsakuwar. Akwai 'yar'uwarta a tagar gidansa.

"Ina kika sami wannan?"

"Ado ne," ta ce, ta juya masa baya.

Ya fita ya bi sauran gidajen, wannan karon ba ƙasa yake kallo ba, tagogi yake kallo. Gida na uku akwai. Na shida akwai guda biyu. Kafin ya kai ƙarshen ƙauye ya ƙirga goma sha ɗaya, kuma duk ya sha wucewa ta gabansu. Gidan ƙarshe na Inna Honor Devane ne, ungozomar da ta karɓi haihuwar kusan duk wanda ke tafiya da ƙafa biyu a Kilderra, kamar yadda uwarta da kakarta suka yi. Ta haura tamanin. Tana zaune a ƙofa tana ɓare wake, a bayanta kuwa, a kan kantar ajiye kaya, ga kwalba cike da fararen tsakuwoyi har wuya.

"Ka zo tambaya ne, Malachy Garvey?" ta ce. "Ka daɗe a hanya."

Ya buɗe baki. Tambayar tana nan a maƙogwaronsa, ta shekara talatin da huɗu, amma ta ƙi fitowa. Sai ya ji kansa yana cewa, "Waken bana ya yi kyau."

"Ya yi," in ji ta. "Ka gaida kare."

Ya koma gida rana na faɗuwa. Ya ɗauki tsakuwar Nuala daga bakin taga, inda take gogewa duk Asabar tana mayarwa. Bai taɓa tambayarta daga ina ba, ya ɗauka irin tarkacen mata ne. Ya zauna a kujerarsa yana jujjuya ta a tafin hannu, kujerar Nuala tana fuskantarsa, har shayinsa ya yi sanyi bai sha ba.

*

Lahadi da sassafe ya koma titi. Tunda ya san jakin wa yake nema, bai tsaya bin tsakuwa ba, ya dinga duba kowace kafa ta katangar Costelloe. A ta huɗu ya ga koren fenti. Sawun ya gangara ta cikin ciyawa, ya nufi Fadamar Ƙaya, ya hau wata siririyar hanya, sai Malachy ya tsaya cak.

Hanyarsa ce. Hanyar tumaki yake ce mata, wadda ke sauka zuwa bakin ruwa. Shekara talatin yana ɗana tarko a gefenta, ko yanzu akwai nasa guda shida. Ta ƙare ne a wani kududdufi, a tsallake kuma sarƙaƙƙiyar ƙaya ce wadda maza ba sa shiga ba sa sara, wai ta mutanen ɓoye ce. Kullum a bakin ruwan yake juyawa, yana cewa nan tumaki ke sha.

Yau ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. Babu kashin tumaki ko ɗaya. Babu gashinsu a jikin ƙaya, alhali tunkiya ba ta wuce ƙaya ba ta bar kuɗin shiga ba. Ya zura sandarsa cikin ruwan, sai ta daki dutse, taki ɗaya gaba wani dutsen, an jera su ƙarƙashin ruwa yadda ido ba zai gani ba. Ya taka ya haye. A bakin sarƙaƙƙiyar akwai kafa, an datse rassan da almakashi, daidai tsayin mace in ta sunkuya.

Ya sunkuya ya shiga.

Ciki fili ne, bai fi ɗaki biyu ba. Gansakuka ta rufe tushen gini mai kusurwa huɗu, ga dokin ƙofa ta yamma, dutsen ya lotsa saboda taku. Turmin Waliyyi yana zaune a gefen ƙofar a cikin wani gurbi da ya yi masa daidai, ruwan sama har ya taru a kwarminsa. A gindin bangon kuwa fararen tsakuwoyi ne a jere, sahu sahu, waɗansu sun yi kore don tsufa, waɗansu an wanke su kwanan nan. Ya fara ƙirgawa, da ya wuce sittin ya bari.

Abin da ya nema rabin rayuwarsa ke nan, ga shi tafiyar minti goma daga tarkunansa. Ya tsaya da hula a hannu yana bin tsakuwoyin da ido, duk iri ɗaya, ba suna ba alama. A nan ƙasa ta gama faɗa masa iyakar abin da ta sani.

*

Da aka fito daga coci ya ce wa Saje ya tara masa mutum biyar: Fada, Festy da matarsa, Barney, da Inna Honor. Ya kai su har bakin kududdufin. Maza suka yi cirko cirko. Inna Honor ta tattare zanenta ta taka duwatsun ba tare da ta dubi ƙasa ba, Attracta ta bi ta. Saje ya dubi Malachy, ya cire takalmi.

Da suka shiga Fada ya ga turmin, ya ga tushen ginin, sai ya dafa bango. "Amma taswira ta ce..." Bai ƙarasa ba.

"Barney bai taɓa dutsen nan ba," in ji Malachy. "Ran Alhamis da rana aka ɓanɓare shi da sanduna, aka mirgina shi kan ƙyaure, jaki ya ja. Mutum biyar ne, takalmansu ƙanana. A ruwan nan sun shimfiɗa ƙyauren a kan duwatsu suka tura. Ƙyauren naka ne, Festy. Jakin ma naka ne."

"Nawa? To a gonata aka jibge shi don a hana ni aiki, ko? Saje, rubuta sunayensu. Gobe katafila za ta shigo, da turmi da ba turmi."

"Rubuta nawa, ɗan nan," in ji Inna Honor, "in ka iya rubuta shi, don ni na yanke maka cibiya. Ni na ce a ɗauko. Da muka ji zancen katafila muka rasa yadda za mu yi. Mu faɗa muku me ke nan? Kakata ta rantsar da uwata, uwata ta rantsar da ni, don akwai waɗanda iyayensu mata ba su da aure, in an fara tonawa gidaje za su tashi. Sai muka ce bari turmi ya koma gida, ku ce ikon Allah ne, ku bar wurin. Mun ɗauka kafin azahar za ku bazu nema ku gan shi." Ta yi tsaki. "Ashe ku ba kwa neman abu sai inda takarda ta ce, ko inda baƙo ya kwana. Barney, ka yafe mana. Da yau ba a gano ba, gobe da kaina zan je wurin Saje."

"Ba komai, Inna. Na sha kwana a wurin da ya fi kurkukun birni sanyi."

"Me ke nan ɗin?" in ji Festy. "Duwatsun yara ne na wasa."

"Yara ne," in ji Inna Honor. "Waɗanda aka hana su maƙabarta. Mu muke kawo su, nan ne kaɗai ƙasa mai tsarki da ba mai korar su. Kowanne tsakuwa biyu, ɗaya a kansa, ɗaya a hannun uwarsa."

Malachy ya ciro tasa daga aljihu ya buɗe tafin hannu. Festy ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Mutum ne da ke shan shayi kullum a gaban tagar kicin ɗinsa.

"Attracta," ya ce, muryar ta ragu har ba ka ce tasa ba ce.

"Na biyu daga kusurwa," ta ce. "Shekarar da ka sayi fadamar nan. Ka shigo ka ce Allah ya ba mu wani, ka fita duba shanu. Sau uku cikin watan nan na ce maka ka bar ƙayar nan, ka ce me mace ta sani a harkar gona."

Festy ya nufi kusurwar. Ƙato ne, sai da ya dafa ƙasa kafin ya iya durƙusawa. Ba wanda ya sake jin zancen katafila daga bakinsa, ranar ko bayanta.

Saje Mulqueen ya mayar da littafinsa aljihu. "Fada, kayan coci ne aka ce an sace. Ni kuwa ga shi ina gani a cikin coci. Akwai ƙara?"

Fada ya girgiza kai. Ya cire hularsa, ya tsaya yana duban sahun tsakuwoyin, da alama yana neman addu'ar da ta dace bai samu a cikin waɗanda ya haddace ba. Saje ya ce wa Barney ya zo ya karɓi dokinsa.

*

Suka fita ɗaya bayan ɗaya, aka bar Malachy da tsohuwar. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Inna, wanne ne nawa?"

"Yau dai ka tambaya." Ta kama hannun rigarsa ta ja shi gindin bangon gabas, inda wata tsakuwa take ita kaɗai kusa da wani faffaɗan dutse. "Mace ce. Gashinta baƙi, cike da kai, irin naka kafin ya gudu. Sorcha aka sa mata."

"Wa ya sa mata?"

"Uwarta mana."

Ya dubi faffaɗan dutsen. Samansa ya yi sumul, irin na wurin da aka daɗe ana zama.

"Nuala ta san nan?"

"Wa kake tsammani ya fitar da hanyar can? Duk Alhamis, in ka tafi kai zomaye kasuwa. Ita ta jera duwatsun cikin ruwa. Ita ta koya wa sauran yadda za su taka ciyawa ba laka ba, ta ce zama da kai ya koya mata. Sau nawa tarkonka ya kama mata ƙafa, ta kwance ta mayar maka yadda ka ɗana."

"Don kada in gani."

"Don kada ka gani. Ta ce kai ka binne abin a ranka, ba za ta tono maka ba. Ta ce in kana so ka sani, ai za ka tambaya."

"Ni kuwa ina can kan tudu ina nema mata."

"Ta sha hango ka daga nan," in ji Inna Honor. "Takan ce, dubi bawan Allah, shi da zomayensa."

Malachy ya ɗaga ido ya dubi wajen tudun. Baƙin ciki ya taso masa irin wanda bai ji ba ko ranar da aka binne ta. Shekara talatin da ɗaya suna cin abinci a tebur ɗaya, suna kwana gado ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu guda don tausayi. Tsohuwar ta dafa kafaɗarsa, ta sunkuya ta fita.

Ya zauna a kan dutsen Nuala. Ya ajiye tsakuwar aljihunsa kusa da 'yar'uwarta, sannan ya sake tunani ya ɗauke ta, don taga ba za ta zauna ba komai ba. Ya faɗi sunan sau ɗaya a hankali don ya ji yadda yake a bakinsa. Karen ya zo ya kwanta a ƙafarsa.

Da rana ta karkata ya haye ruwan, ya bi hanyar yana tuge tarkunansa ɗaya bayan ɗaya, duka shida, ya rataya a kafaɗa.

Alhamis ta gaba ba a ga Malachy a kasuwa ba. Matan da suka sauko fadamar da hantsi suka tarar da sawun takalmin namiji a tsakiyar laka, manya manya, tun daga kafar katanga har bakin ruwa. Wanda ya yi su bai yi ƙoƙarin ɓoye ko ɗaya ba.